Fatawa: Gayyar yanke kacalla, karo-karo da tarar wanda ya ƙi fita

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni manomi ne, kuma ni ne ma'ajin kwamitin ruwa na garinmu da ke bakin rafi tsakanin Haɗeja da Nguru. Kacalla, doguwar ciyawar nan mai tsirowa cikin ruwa, ta cinye mana hanyar ruwa. Da damina ruwa ya rasa mabi ya hau gonaki da gidaje, da rani kuma na ƙasa da mu su rasa na ban-ruwa. Garuruwan da ke kan rafin suka zauna gaban dagatai aka yi yarjejeniya: kowane gida ya ba da mutum ɗaya ranar gayya, a yi karo-karon kuɗin mai da abinci, wanda ya ƙi fita a ci shi tara. An kuma hana zuba gamalin, wato maganin ƙwari mai guba, don kama kifi, da wanke tankin feshi a rafi, da kafa dumba, wato shingen kamun kifi, ta tare rafi gaɓa da gaɓa.

Sai wani mai ɗan karatu a cikinmu ya ce duk haramun muke yi. Wai Annabi (SAW) ya ce Musulmi abokan tarayya ne a ruwa, don haka babu mai ikon hana wani komai a cikinsa. Kuɗin da muke karɓa cin dukiyar mutane ne. Aikin ma na gwamnati ne. Mutane sun fara ja da baya, ga kuɗi a hannuna, hankalina ya ƙi kwanciya. Ban da wannan, garin da ke sama da mu sun datse ruwa da buhunan yashi, samarinmu na so su je da dare su fasa. Wasu kuma sun ce a hana makiyaya shayar da shanu tunda ba sa fitowa gayya. Malam, mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, gayyarku halal ce, kuma idan cutar ta kai yadda ka faɗa, wajibi ce a kan jama'ar da ke amfana da rafin, wajibin da idan isassu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura. Karo-karo ya halatta da sharuɗɗa. Tara kuwa akwai saɓanin malamai a kanta, kuma ina ba ku shawara ku canza mata tsari. Fasa datsiya da dare bai halatta ba, hana makiyaya sha ma bai halatta ba. Ga dalilai.

Hadisin da abokinku ya kawo gaskiya ne, Abu Dawuda da wasunsa sun ruwaito cewa Musulmi abokan tarayya ne a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Amma ya ɗauki rabin hukuncin ya bar rabi. Abin da aka yi tarayya a kansa, babu ɗaya daga masu shi da ke da ikon ɓata shi, kuma ɗawainiyar gyaransa tana bin amfaninsa, wannan ƙa'ida ce sananniya wurin malaman fiƙihu: wanda ya ci riba shi ke ɗaukar hasara. Da rafin na mutum ɗaya ne, da sai mu ce ya yi yadda ya ga dama da abinsa muddin bai cuci maƙwabci ba. Tunda na kowa ne, kowa na da bakin magana idan wani zai lalata shi. Manzon Allah (SAW) da ya faɗi wancan hadisin shi ne ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, shi ne kuma ya ce a guji abubuwa uku masu jawo tsinuwa, ya ambaci bahaya a mashaya, da tsakiyar hanya, da inuwa. Ashe tarayya a ruwa ba ta hana a kafa wa ruwa doka.

Kafin hukunci ya zauna sai an san yadda cutar take, don haka bari in faɗi abin da masana ruwa da mutanen yankinku suka haɗu a kai. A da kogin Haɗeja kan cika da damina ya malala cikin fadamu, da rani ya janye, ƙasa ta bushe ta tsage, duk ciyawar ruwa ta mutu ko dabbobi su cinye ta. Da aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, babu babbar ambaliyar da za ta wanke yashi, babu kuma bushewar da za ta kashe saiwa. Wannan shi ne abin da kacalla ke so. Ta kafu, ta tare laka, laka ta ƙara mata wurin zama. A ƙasan Haɗeja kogin ya rabu uku, tsohon kogi da Burum Gana da rafin Marma mai zuwa tafkin Nguru, kuma toshewar wasu ta sa ruwa ya karkata ya yi wa wasu yawa ya bar wasu da ƙishi. Cikin kacallar nan jan-baki ke kwana su wayi gari a kan shinkafa da dawa, sauro na nan, ga dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Ruwan kuma bai tsaya a kanku ba. Shi ne ke haɗuwa da na Jama'are wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa ya nufi tafkin Cadi. Wanda ya bar rafin ƙofar gidansa ya toshe, ya taɓa abincin mutanen da bai taɓa gani ba.

Maganar cewa aikin gwamnati ne, akwai gaskiya a ciki, kuma ba na so a yi amfani da wannan fatawa a sauke wa hukuma nauyinta. Malaman Hanafiyya sun yi bayani filla-filla a kan yasar koguna: babban kogin da ba mallakar kowa ba, kuɗin yasarsa daga baitulmali yake fita. Madatsun nan hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ke riƙe da su, ita ke sakin ruwa, kuma a 2006 jihohi shida da ke kan wannan ruwa, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato, sun yi taro a Damaturu sun amince da kafa asusun kula da shi. Ku rubuta, ku je, ku nemi injin yashe kogi, haƙƙinku ne. Sai dai malaman nan na Hanafiyya ba su tsaya nan ba. Sun ce idan baitulmali bai iya ba, shugaba ya tilasta wa jama'a su fita, masu ƙarfi su yi aiki da jikinsu, mawadata su ɗauki ciyar da su, domin barin kogi ya toshe cuta ce ga kowa. Gazawar na sama ba ta mayar da zaman jira ya zama ibada. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 2, ku taimaki juna a kan aikin alheri da taƙawa, kuma a cikin abubuwan da hadisi ya lissafa ladansu na bin bawa har kabari akwai ƙoramar da ya gudanar.

A mazhabarmu ta Malikiyya akwai mas'ala a littafin Mudawwana da ta yi kama da taku ƙwarai. Rijiya ko magudanar ruwa tsakanin abokan tarayya ta buƙaci yasa, wasu suka yarda wasu suka ƙi. Hukuncin shi ne waɗanda suka yarda su yashe, sannan su ne suka fi cancanta da ruwan da ya ƙaru saboda aikinsu, har sai waɗanda suka ƙi sun biya kasonsu na abin da aka kashe, sai su koma cikin rabo. Wannan ya hau daidai kan ƙananan magudanan da kuka haƙa da hannunku zuwa gonaki. Wanda ya ƙi fita ya ƙi biya, kuna iya sa shi a ƙarshen layin ban-ruwa. Ban-ruwan gona nake nufi. Ruwan sha da na alwala da na dabbarsa ba a taɓa su ko da ya zagi kwamiti.

Akwai wata gardama da na san za ta taso ko ta riga ta taso: na sama su ce mu iyakar gabanmu za mu yanke, abin da ya wuce garinmu ba ruwanmu. Imamu Abu Hanifa yana ganin a rafin da aka mallaka tare, idan yasa ta wuce gonar mutum an sauke masa nauyi. Almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan, suka ce a'a, kowa zai ɗauka daga farko har ƙarshe, domin na sama yana bukatar ƙasan rafi ya buɗe don rarar ruwansa ta samu mafita. A halinku maganar almajiran ce nake rinjayarwa, kuma ku da kanku shaidu ne: idan ƙasa ta toshe, ruwa baya yake komawa, gidan na sama yake fara ci.

Sai kuɗi, wanda shi ne ya hana ka barci. Asali dai dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, wannan babu ja. Amma wanda ya zauna a taro, ko wakilin gidansa ya zauna, aka yanke karo-karo ya amince, ya ɗaure kansa da alkawari, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wanda bai halarta ba kuma yana cin amfanin ruwan, hakimi ko dagaci na iya ɗora masa kasonsa, domin malamai irin su Gazali da Shaɗibi sun halatta wa shugaba adali ya ɗora wa masu hali wani abu idan bukata ta gama-gari ta taso kuma baitulmali bai wadatar ba. Sun sa sharaɗi: bukatar ta zama ta gaske, a karɓi gwargwadonta, a kashe a kanta, a daina idan ta wuce. Saboda haka kar ku raba kuɗin daidai wa daida a kan gidaje. Mai injin ban-ruwa uku da kadada goma ta shinkafa ba zai ba da abin da mai 'yar fadamar albasa zai bayar ba. Gwauruwa mai marayu, da tsoho marar ɗa a gari, da majinyaci, babu komai a kansu, ba kuɗi ba jiki. Kai kuma ma'aji, amana ce a wuyanka. Ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a ko a ƙofar dagaci, kar ka haɗa shi da kuɗin aljihunka ko da niyyar mayarwa, kar kuma ka ranta wa kowa ba da izinin masu shi ba. Yawancin gayyar da ta mutu a ƙasar nan ba fatawa ce ta kashe ta ba, rashin lissafi ne.

Tara ita ce wurin da abokinku yake da abin riƙewa, kuma adalci ne a faɗa. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu ba su yarda a hukunta mutum ta hanyar karɓe masa dukiya ba, tsoron kar azzalumai su samu ƙofa. An ruwaito halaccinsa daga Abu Yusuf, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ƙarfafa shi, Ibnu Farhun cikin malamanmu ya kawo wuraren da aka yi aiki da shi a mazhaba. Wanda ya bi masu halattawa, da izinin hukuma, ban ce ya yi ɓarna ba. Amma kuna da hanyar da ta fi wannan tsabta. Aikin da ke kan gidan mutum yini ɗaya ne na yankan kacalla. Idan bai zo ba, bai aiko ba, ba shi da uzuri, sai a ɗauki ɗan ƙwadago ya yi yinin a madadinsa, shi kuma ya biya ladan. Wannan biyan abin da ke kansa ne, kuma ya fita daga saɓanin da aka yi a kan tara. Sharaɗinsa kuɗin ya zama daidai da ladan yini a garinku, kuma lallai a ɗauki mai aikin da shi, kar ya tafi shayin 'yan kwamiti. Abin da kuka riga kuka karɓa da sunan tara, ku auna shi da wannan ma'auni: abin da ya yi daidai da ladan yini a sa shi a aiki, abin da ya haura a mayar wa masu shi ko a nemi yafewarsu.

Kuma wanda bai taɓa shiga ba kar ya raina yinin nan. Mutum ne cikin ruwa har ƙirji tun hantsi, da lauje ko adda, yana lalubar gindin kacalla don ya yanke ta a ƙarƙashin ruwa, saboda idan aka sare ta a sama ko aka banka mata wuta kawai, kafin wata ya zagayo ta sake tofowa, sai an yanke ta ruwa ya rufe kututturen take ruɓewa. Ganyen na yanka hannu, matsattsaku na kama ƙafa, wasu na jan abin da aka yanke zuwa gaɓa don kar ya sake toshe gaba. Wanda ke zaune a inuwa yana jiran ruwa ya iso gonarsa a kan guminsu, sannan ya ce a ba shi dalili daga littafi, to ga dalilin an ba shi.

Zakka kuwa, idan wani ya kawo shawarar a zuba ta a wannan asusu, kar ku yi. Allah ya ƙayyade masu cin ta kashi takwas a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma jumhurun malamai ba su sa gyaran rafi da gada a ciki ba. Ƙofar sadaka da waƙafi a buɗe take. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, mai hali a cikinku ya sayi kwale-kwale ko laujuna ya yi waƙafinsu.

Hana gamalin daidai ne, kuma ko ba kwamiti haramun ne. Kar wani ya ruɗe ku da cewa mushen kifi halal ne. Halal ne ta fuskar rashin yanka, amma abin da aka kashe da guba mai cutar da mai ci ya haramta ta fuskar cuta, sayar da shi a kasuwa ba tare da bayani ba kuma algus ne. Maganin ƙwari ne mai daɗewa a ruwa da jikin kifi, ƙasashen duniya sun sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda aka amince a daina tun 2009. Yana kashe babba da ƙarami har da ƙwai, ya gangara mashaya. Wanda ya zuba, dabbar wani ta sha ta mutu, zai biya. Wanke tankin feshi hukuncinsu ɗaya. A ɗebi ruwa a bokiti a wanke nesa da gaɓa. Dumba ba haramun ba ce a kanta, sana'a ce, kuma Shehu Halil, malaminmu na Malikiyya, ya ambata cewa ba a hana mutum kamun kifi. Abin da aka hana shi ne jera gura, wato tarkon kifi, ta rufe rafi duka, ta tare ruwa da ciyawa da laka, ta hana na ƙasa kifi. A bar tsakiyar rafi a buɗe. Idan sarkin ruwa ya rufe wani gurbi na ɗan lokaci don kifi ya hayayyafa, kamar yadda ake rufe Matan Fada a Argungu har ranar bikin kamun kifi, ya halatta, asalinsa keɓe makiyaya da Annabi (SAW) ya yi a Naƙi'u da wanda Sayyidina Umar ya yi a Rabaza. Sai dai a tuna wasiyyar Umar ga mai gadin wurin: ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya kiyayi garken mawadatan sahabbai, Ibnu Aufin da Ibnu Affan, domin su idan dabbobinsu sun halaka suna da gonakin dabino da za su koma. Dokar da ta kama mai koma ɗaya ta kauce wa mai jirgi biyar zalunci ce.

Datsiyar na sama da ku. Shari'a ta ba na sama haƙƙin fara sha, amma da iyaka. Zubairu ɗan Awwam ya yi jayayya da wani Ba'ansare kan magudanar Harra, Annabi (SAW) ya ce Zubairu ya shayar sannan ya saki ruwa ga maƙwabcinsa. A Muwaɗɗa, game da kwarin Mahzur da Muzainib, an ƙayyade a riƙe ruwa har idon sawu sannan na sama ya sakar wa na ƙasa. Malamanmu sun ƙara da cewa wannan fifiko yana ga na sama ne idan bai zo bayan na ƙasa ba. Wanda ya buɗe sabuwar gona jiya a sama ba zai kashe tsohuwar gonar da ke ƙasa ba. To buhunan yashin da za su zauna wata da watanni, na ƙasa na kallon shukarsu na ƙonewa, ba su da gurbi a wannan hukunci. Haka masu fasa gaɓar kogi su ja ruwa gonarsu ba tare da shawara ba, irin ɓarakar da kan faɗaɗa ta janye kogin gaba ɗaya.

Duk da haka samarinku kar su je. Cire datsiya hukunci ne, hukunci kuma na mai iko ne. Lokacin da Muhammad ɗan Maslama ya hana Dahhaku ɗan Halifa ratsa magudana ta gonarsa, Dahhaku bai je da dare ya haƙa ba, ƙara ya kai wa Umar, Umar ya lallashi Muhammad ya ƙi, sannan ya rantse cewa sai ruwan ya wuce ko ta kan cikinsa ne. Ku kai wa hakimi, idan garuruwan ba ƙasar hakimi ɗaya ba ne ku kai masarauta da ƙaramar hukuma, ku nemi a raba kwanaki: kwana kaza su, kwana kaza ku. Rabon ruwa da kwana yana cikin Alƙur'ani a ƙissar taguwar Annabi Salihu, ita da ranarta su da ranarsu. Fasawar dare kan ƙare da sara da jini, kuma ran mutum ɗaya ya fi shinkafar rafin duka.

Makiyaya kuwa ba a hana su. Annabi (SAW) ya hana a riƙe rarar ruwa don a hana ciyawa da ita, kuma cikin mutum uku da Allah ba zai dube su ba ranar ƙiyama akwai mai rarar ruwa a hanya da ya hana matafiyi. Shan mutum da na dabba yana gaba da shan gona. Abin da kuke da iko a kai shi ne tsari: a ware mashaya sananniya, a bar burtalin da ke kai wa gare ta a buɗe, kar a shuka albasa a bakinsa sannan a ce shanu sun yi ɓarna, su kuma kar su tura garke ta inda zai rusa gaɓa. Makiyayan da ke zaune tare da ku shekara da shekaru, ku kira arɗonsu cikin kwamiti, a ɗora musu kaso kamar kowa, da jiki ko da kuɗi ko da abincin 'yan gayya. Mai wucewa da garkensa babu komai a kansa.

Abokin naku kuma kar a wulaƙanta shi a taro. Limamin gari ya kira shi gefe ya karanta masa wannan amsa, a nuna masa an gyara maganar tara saboda abin da ya faɗa, a roƙe shi ya zama cikin masu duba littafin ma'aji. Yarjejeniyar kuma a rubuta ta, dagatai su sa hannu, a kai wa hakimi kwafi kafin gayya ta gaba.

Wallahu a'alam.